Ba Kai Ka Kwance Igiyar Ba, Kyaftin

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Da haka saƙon 'yarka Khaula ya fara, kuma sai da na karanta shi sau uku a tsaye a bakin kasuwar Mayo-Oulo kafin na yarda da ni ake magana. Alhaji Nasrullahi Hashim na unguwar Roumdé Adjia, wanda Garwa duka ta sani da Kyaftin, ya rasu da safiyar Alhamis, 22 ga Agusta, 2024, yana da shekara hamsin da bakwai. Ba jinya, ba asibiti. Ka yi sallar asuba, ka karya kumallo, ka tafi kasuwa ka buɗe shagonka na atamfa, ka zauna a kan benci ka ce a miƙo maka ruwa. Kafin ruwan ya iso hannunka ka riga ka tafi.

Tun ƙarfe takwas da rabi aka aiko saƙon. Ni kuwa ina ƙauyenmu a bayan duwatsu, inda waya ba ta kamawa, sai da na sauko gari da la'asar ya shigo. Abin kunya, Nasru, tunanin da ya fara zo mini shi ne in nemi mota in zo in ga fuskarka. Fiye da shekara arba'in ina zaune cikin Musulmi, na raka gawa maƙabarta ba adadi, amma a wannan lokacin kaina ya koma irin namu na Kirista, mu da muke ajiye mamaci a ɗakin sanyi mako biyu ko uku a jira dangi. Na kira Khaula na ce a jira ni, ina hanya. Ta ce, "Baffa Émile, ai tun kafin azahar aka kai shi." Na zauna a kan buhun wani mai masara da ban sani ba. Ruwan sama kuma ya cika rafi ya tare hanya, ban shigo Garwa ba sai Juma'a. Abin da na tarar tudun jiƙaƙƙiyar ƙasa ne.

Yau kwana tara ke nan, har yanzu ban gaskata ba. Jiya na wuce ta layinku a kasuwa, na tsinci kaina ina rage tafiya don in ji ka ɗaga murya da gaisuwar Fulatanci yadda ka saba: "Musyu Furofesa, jam na? Yau yaran wa ka zane?"

Ni ne Émile, malamin Faransanci, abokinka tun muna aji ɗaya a kwaleji a 1980. Mutane da yawa za su yi maka ta'aziyya da ta fi tawa tsari. Ni akwai maganar da na riƙe a bakina shekara arba'in da ɗaya, na ce zan faɗa maka ido da ido in roƙi gafararka, ban faɗa ba. Sunan nan Kyaftin da aka kira ka da shi har kabari, sunan ba'a ne a kan laifin da ni na aikata. Tunda kunnenka ya wuce ni, zan faɗa a gaban kowa.

Littattafai ne suka haɗa mu. Mama Berthe mai gyaɗa, wadda ke zama a ƙofar makaranta, takan sayi tsofaffin takardu daga gidajen Turawan da ke barin gari, ta yage ta naɗa gyaɗa a ciki. Kai ka fara lura cewa ƙunshin gyaɗarka shafi ne na labarin matuƙan jirgin ruwa. Muka bi ta gida, muka yi mata ɗiban ruwa na mako guda, ta bar mu muka tsinci abin da bai yage ba. Mafi yawansu ba bango, ba sunan marubuci. Labaran masu yawon duniya ne, masu neman tushen kogi, masu ɓacewa a teku. Da yake ba mai haƙurin jiran ɗan'uwansa ya gama, sai muka ƙirƙiro dabara: mu sa reza mu raba littafi biyu daga ƙashin bayansa, ni in ɗauki kai, kai ka ɗauki wutsiya, ran Asabar mu yi musaya. Kullum wutsiya kake so. Ka ce in ka san inda mutane suka ƙare, kai da kanka za ka gano inda suka fito.

Wanda ya fi kama mu shi ne na wani kyaftin da amininsa mai zanen taswira, waɗanda suka shiga wani kogi da ba a san ƙarshensa ba. Rabina ya tsaya daidai inda ruwa ya taso, mai taswira yana kan gaɓa, kyaftin ya sare igiya ya tafi da jirgin ya bar shi. Muna cikin zafin wannan littafi ne, a watan Oktoba na 1983, Binuwai ya cika ya batse, muka gangara ƙasan gada muka ga kwalekwalen wani masunci a ɗaure da komarsa a ciki. Muka shiga da niyyar zama kawai. Ni na ce mu tafi Yola, daga can sai teku. Kai ka ce, "Émile, ruwan nan ya fi ƙarfinmu, mu fita." Kana cikin faɗar haka na kwance igiyar.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya juya mu ya maka mu a kan wata bishiya da ya nutsar. Ni ɗan dutse ne, ban iya iyo ba ko na kwabo. Kai ka shaƙo ni ta wuyan riga ka ja ni har gaɓa, ina shan ruwa ina kiran uwata. Kwalekwale da koma suka wuce, ba a sake ganinsu ba.

Ran Litinin masuncin ya zo makaranta. Darakta, shugaban makarantar, ya tsaya gaban aji ya ce wanda ya kwance igiya ya tashi, kuma daga ranar ya gama karatu a nan. Ni a lokacin 'yan mishan ne ke ciyar da ni suna ba ni wurin kwana. In aka kore ni, dutse zan koma in ɗauki fartanya, kuma ni kaɗai ne ɗan gidanmu da ya taɓa shiga aji. Na kafa ido a kan teburina. Sai na ji benci ya motsa a gefena, na ji muryarka ka ce, "Ni ne." Ban ɗaga kai ba har ka tattara littattafanka ka fita.

Kai ne na ɗaya a lissafi da labarin ƙasa. Burinka ka je Duwala ka yi aikin manyan jirage. Mahaifinka Alhaji Hashim, Allah ya jiƙansa, wanda dama boko bai kwanta masa ba, ya sallami masuncin, ya ce karatu ya ƙare, ya zaunar da kai a shago. 'Yan kasuwa kuwa da bakinsu kamar reza suka laƙa maka Kyaftin, mai jirgin da bai kai Yola ba. Ni na ci jarrabawa, na tafi Yawunde, na dawo da takarda ana ce mini Musyu.

Sai bayan wata guda na iya zuwa shagon, da rabin littafin a hannuna wai na zo musaya. Ina tsammanin zagi, ko ka kau da kai. Ka matsa mini a benci, ka ce ba za ka ba ni wutsiyar ba, don karatuna tafiyar hawainiya ne, gara ka ba ni a baki. Ka ce bayan shekara bakwai kyaftin ya komo kogin, ya nemo mai taswira, ya durƙusa a gabansa. Mai taswira ya kama kafaɗarsa ya ce, "Tashi. Da ka tsaya, da jirgin ya nutse da mu duka." Ka ba da labarin da murya kala-kala har maƙwabtanka suka taru. Na yi dariya tare da su, na koma makaranta da kan littafin, ban ce maka komai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ka taɓa sa ni jin nauyin abin ba, ko da wasa. Da mahaifiyata ta sauko daga dutse da ciwon ƙafa a 1996, ina ɗaki ɗaya da mata da yara uku, kai ka aiko aka ɗauke ta zuwa gidanka. Wata huɗu ta yi a ɗakin da ke kusa da na matarka Hajiya Hafsatu, ba ta jin Hausa sosai, Hajiya ba ta jin yarenmu, Fulatanci ya haɗa su. Ta koma gida tana gaya wa mutane ta haifi ɗa a Garwa wanda ke salla. Ranar aurena da Albertine kai ka zaɓi atamfar, ka zo ka tsaya a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar coci awa biyu cikin rana da babbar riga, ba ka shiga ba, ba ka kuma tafi ba. Matan dutse masu kawo gyaɗa da tattasai, waɗanda yamma ke yi musu kayan bai ƙare ba, a bayan shagonka suke jibge buhunansu, shekara da shekaru, har wani maƙwabcinka ya ce ka mai da shagon atamfa rumbu. Ka ce masa atamfa ba ta taɓa kawo ƙarar tattasai ba.

Kana da naka halin, kada a ce na yi maka kwalliya. Ba ka iya zuwa wuri a kan lokaci ba. In ka kama gardama a kan nisan gari da gari, sai an kawo taswira, in ma an kawo ka ce ta tsufa. Likita ya hana ka sukari, kai kuma ka ɗauki maganarsa shawara ce. Amma 'ya'yanka mata huɗu ba wadda ba ka kai makaranta ba, kuma duk wanda ya zo maka da zancen a cire su, nan yake ganin fushinka. Na san daga ina wannan fushin ya fito.

A watan Yuni na bana, da ciwon sukarin ya fara cin idonka har ba ka iya karanta ƙananan rubutu, ka tare ni ka ce, "Musyu, kan littafin nan yana nan, ko gara ta cinye?" Na ce yana nan. Ka ce to wutsiyar ma tana nan, in riƙa zuwa ran Lahadi bayan coci in karanta maka, tunda ni aka biya wa kuɗin makaranta. Haka muka fara, a zauren gidanka, da shayi ba sukari wanda kake sha kana tsaki.

Ashe littafin da mutum ya karanta yana ɗan shekara goma sha shida ba shi ne yake tararwa yana da furfura ba. Na tuna shi ƙato, sai ga shi ɗan siriri, takarda ta yi ja, Faransancin cike da kumbura. Tun a babi na biyu ka dakatar da ni. Marubucin ya ce mutum huɗu sun tuƙa kwalekwale kwana uku suna haurawa kogi a tsakiyar ambaliya. Ka ce, "Wannan bawan Allah bai taɓa riƙe filafili ba, mu da muka gwada mun sani." Muka yi dariya har da hawaye. Da muka kai inda yake bayyana mutanen bakin kogin, baƙaƙe masu zare ido, waɗanda ake saye da madubi a kora da harbi ɗaya, sai dariyar ta tsaya. Muna yara tsoronsu muke ji, muna addu'a kyaftin ya kuɓuta daga hannunsu. Ka ce, "Émile, ashe mu ne. Mu ne mutanen bakin kogin." Na ce mu ajiye shi haka nan. Ka ce a'a, wanda ya zage ka ma ana sauraronsa ya kai aya, kuma duk da haka mutumin ya iya ba da labari, a ba shi abinsa.

Gaskiya ka faɗa. Duk da ƙaryarsa da raininsa, da hadari ya taso a babi na tara sai na ji ina karatu da sauri kamar dā, kai kuma ka ajiye kofi ka matso. Na dubi fuskarka na ga yaron nan na ƙofar Mama Berthe. Ranakun Lahadin nan tara su ne mafi daɗin abin da na samu a tsufana.

Tun ranar farko na yanke wa kaina shawara. Na ce in muka kai babin da kyaftin ya durƙusa, zan ajiye littafin in durƙusa ni ma, in faɗi abin da ban faɗa ba a gaban darakta. Ran Lahadi 11 ga Agusta muka gama kan littafin, daidai inda aka sare igiya. Ka ce mako mai zuwa sai wutsiya, ka riga ka sa Hajiya ta fito da ita daga akwati. Ka riƙe hannuna a ƙofa ka ce, "Kada ka makara, makara aikina ne."

Ban zo ba. Ran Asabar na ce wa Albertine zan je ƙauye in duba gonar gyaɗa. Gonar tana nan, amma ƙanena yana kula da ita fiye da yadda zan iya. Tsoro ne ya kore ni. Namiji mai shekara hamsin da takwas, wanda ke tsawata wa yara a kan faɗin gaskiya, ya hau mota ya gudu daga shafin littafi. Na ce in ƙara mako ɗaya in tattara ƙarfin hali, ai Lahadi ba ta ƙarewa. Ka kira ni sau biyu kafin in shige duwatsu, na ga sunanka a waya na bar ta tana ƙara.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu bayan azahar, Khaula ta kawo mini wani ƙunshi a cikin ƙyallen atamfa. Ta ce tun wancan makon yake kan tabarmarka a zaure, ka hana a ɗauke. Na zauna a wurin na buɗe. Na yi ta juya shafi ina neman babin dawowar kyaftin. Na kai ƙarshe ban gan shi ba. Na ce ko ya yage, na bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɓace. Na koma na karanta a tsanake har la'asar. Kyaftin bai taɓa komawa kogin ba. Ya isa ƙasarsu, aka yi masa biki, aka sa wa kogin sunansa. Mai taswira kuwa layi biyu aka ba shi, an ce ba a sake jin labarinsa ba. Babu durƙuso, babu "tashi". Duk kai ka ƙirƙira, kana ɗan shekara goma sha shida, wata guda bayan na bar ka ka fita daga aji kai kaɗai.

Shi ya sa ka hana ni wutsiyar a 1983. Kuma da ka ce a bana in karanta maka ita da bakina, ka san sarai abin da zan tarar. Ka gyara zaure, ka ajiye littafin a kan tabarma, ka zauna jirana ran Lahadi. Khaula ta ce har magariba kana tambaya ko an ga babur ɗina. Ban san abin da ka shirya gaya mini ba. Ina so in ce yafiya ce, domin kalmomin da ka sa a bakin mai taswira sun yi kama da ita. Amma ban roƙa ba, kuma ba ni da ikon in ba kaina amsar da ban tsaya na ji ba.

Ranar bakwai na nemi izini na shiga gaishe da Hajiya Hafsatu, tana zaune cikin takaba da 'ya'yanta a gefe. Na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa musu duka, tun daga igiya har wayar da ban ɗauka ba. Na zaci ka taɓa gaya mata. Ba ka gaya mata ba. Ta ce, "Malam Émile, shekara talatin da biyu, duk ranar da muka saɓa da Alhaji sai na yi masa gori da kwalekwalen nan. In ce mutumin da ya nutsar da karatunsa a kogi ne zai koya mini hankali? Shi kuwa sai ya yi dariya." Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar da zan roƙe ta da ita a ranar ba. Na ƙara mata nauyi a kan nauyi, na sani. Zan koma, kuma zan yi ta komawa.

Saboda haka, jama'ar kasuwar Garwa, da 'yan ajinmu da suka rage, da duk wanda ya taɓa kiransa Kyaftin yana murmushi, ku ji daga bakina. Nasrullahi ɗan Alhaji Hashim bai ɗauki kwalekwalen kowa ba. Cewa ya yi mu fita. Ni Émile na kwance igiyar, shi ya cece ni daga ruwa ran Asabar, ya sake cetona ran Litinin, kuma duk yaron da na koya wa karatu a shekara talatin da uku, a kan kujerarsa na koya masa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hafsatu, da Khaula da 'yan'uwanta, da dukan zuriyar Alhaji Hashim na nan Garwa da na Kuseri, da 'yan layin atamfa, da matan dutse waɗanda suka zo ran Asabar da buhunansu suka tarar da shago a rufe suka zauna a ƙofa suna kuka. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda yake tsaya muku.

Kai kuma Nasru, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi. Allah ya sa ka huta. Yadda ka tashi tsaye saboda wani ranar da aka tambayi mai laifi, Allah ya sa rahamarsa ta tsaya maka ranar da za a tambayi kowa. In kuma ana isar wa mamaci da saƙo, to a gaya maka na zo, na makara, ina roƙonka ka yafe mini.

Émile, abokinka,
Roumdé Adjia, Garwa.